Yawon Shan Iska a Kwale-kwale

Mu mutanen ƙasar Gumel ba mu da kogi. Daga Gagarawa har Maigatari, har Sule Tankarkar, ruwanmu na rijiya ne da na tafki, shi kuwa tafki kafin bazara ya ƙafe. Da yawa cikinmu sun tsufa ba su taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba. To, bari ku ji labarin yawon da muka yi mu biyar, da hunturu, a ruwan Baturiya.

Baturiya tana ƙasar Haɗeja, cikin Ƙaramar Hukumar Kiri Kasamma. Daga Gumel sai ka bi ta Malam Madori, ka isa Haɗeja, sa'an nan ka nausa gabas. Da damina Kogin Haɗeja yakan cika ya malala cikin fadamun wurin, ruwan ya daɗe kwance.

Da hantsi muka sami wani dattijo mai kwale-kwale, muka yi ciniki. Ya dube mu ɗaya ɗaya, ya ce, "Malamai, wa ya iya ruwa a cikinku?" Duk muka yi shiru. Ya yi dariya, ya zaunar da mu a tsakiya, kowa da wurinsa, don kada nauyi ya rinjaya gefe guda. Ya kafa doguwar gorarsa a ƙasa, ya tura, muka bi bakin gaɓa sannu sannu.

Kai, jama'a, wurin da kyau! Ga bado ya rufe ruwa, ga giyayya da gabaruwa tsaye a gefe. Ba ka jin kome sai motsin gora da kukan tsuntsaye. Mun ga ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Waɗannan duk 'yan gida ne. Amma akwai baƙi, waɗansu ƙananan agwagi da masu dogayen ƙafafu. Waɗansunsu daga ƙurewar arewacin Turai suke, kamar ƙasar Norwe. A can, cikin watan Yuni, rana ba ta faɗuwa, mutane kan shiga jiragensu su bi gaɓar teku don shan iska, kamar yadda muke yi a nan. In sanyi ya sauko, tafkunansu suka daskare, sai tsuntsayen su taso, su ƙetare Bahar Rum da Hamada, su sauka a Baturiya. Wajen watan Maris ko Afrilu su koma. Sabo da su ne aka sa Baturiya cikin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, a shekarar 2008.

Ba ko'ina muka iya shiga ba. Ciyawar nan kacala ta toshe hanyoyi da yawa. Ta yaɗu ne bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, watau tun da ruwa ya riƙa kwanciya har da rani.

Muna cikin tafiya sai garken tsuntsaye ya tashi gaba ɗaya. Wani abokinmu ya miƙe zumbur don ya gani da kyau. Nan take kwale-kwalen ya karkata, ruwa ya kwararo ciki. Dattijo ya daka masa tsawa, "Malam, zauna!" Ya zauna jiki na rawa. Muka sa ƙwarya muka kwashe ruwan. Ni kaina, in gaya muku gaskiya, sai da na yi salati.

Da muka natsu, dattijon ya ce abu biyu ke kifar da jirgi, tsayuwa da lodi. Kwale-kwale ba motar kasuwar Maigatari ba ce ta ranar Alhamis, da za a ce a matsa a ƙara mutum ɗaya. Ran 30 ga Nuwamba, 2021, wani jirgi da aka cika wa lodi ya kife a ruwan Bagwai, cikin Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah ya jiƙansu.

In za ka shiga, ƙidaya mutanen da ke ciki. In ka ga bakin jirgi ya kusa taɓa ruwa, dakata wa na baya. Nemi rigar ruwa, wadda ke hana mutum nitsewa, ka ɗaura ta sosai. Kada ka shiga da dare, ko in hadari ya taso.

La'asar sakaliya muka fito, muka sayi tarwaɗa a hannun masunta, muka kama hanyar gida.

Tambayoyi
1. Daga ina baƙin tsuntsayen Baturiya suke zuwa?
2. Don me dattijo ya zaunar da mutane a tsakiya?
3. Rubuta abu biyu da ke kifar da jirgi.