Haƙƙin Dabbobin Gida Da Hukuncin Na Dawa In Sun Shigo Gari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, garinmu na Wudil yana bakin kogi ne, kuma tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001 gine-gine suke ta cin gonaki da fadamu. Saboda haka in damina ta yi nisa, ruwa ya cika ramuka, sai gamsheƙa da kububuwa da guza su nemi tudu, su faɗo cikin gidaje. Da rana shirwa tana shawagi bisa 'yan tsaki, da dare kuwa muzuru yana zagayen akurki. To, mene ne Shari'a ta ɗora wa mai gida?

Abu na farko, duk dabbar da ka ajiye ta zama amana a wuyanka. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta kulle ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wanda ya ɗaure akuya a inda ba za ta iya gudu ba, ko ya rufe tantabaru cikin ɗaki mai kafa, shi ya raba su da dabarar tsira, don haka tsaronsu ya koma kansa. Sai a toshe kafofin akurki, a ɗaga shi daga ƙasa, a nome ciyawar bayan ɗaki, a nisantar da tarin itace da kara daga makwancin dabbobi. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi umurni da rufe ƙofofi da ƙore da kashe fitila in za a kwanta. Hikimar wannan a fili take, don kuwa abincin da aka bari buɗe shi ke kiran ɓera, ɓera kuma shi ke jawo maciji.

Na biyu, dabbar dawa ana tunkuɗe cutarta gwargwadon cutar. Hadisi ya ambaci guda 5 da aka halatta kashe su ko da mutum yana cikin harami: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Amma maciji na cikin gida yana da bayani. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, daga Abu Sa'idil Hudri, cewa lokacin yaƙin Handaƙ wani saurayi sabon aure ya koma gida ya tarar da maciji naɗe bisa shimfiɗarsa. Ya soke shi da mashi, nan take shi da macijin suka mutu, ba a san wanda ya riga wani ba. Sai Annabi ya sanar da cewa akwai aljannu a Madina da suka musulunta, ya yi umurni a yi wa macijin gida gargaɗi kwana uku kafin a kashe shi. Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a Risala cewa wannan hukuncin Madina ne, yin sa a wasu garuruwa abu ne mai kyau, a daji kuwa babu gargaɗi. Saboda haka wanda ya ga gamsheƙa kusa da yaransa ko garkensa, ya kashe ta, bai yi laifi ba. Abin da aka hana shi ne azabtarwa. Zuba fetur cikin rami a cinna wuta, ko yara su ɗaure damo da igiya suna jan sa a titi, duk wannan ba halin Musulmi ba ne, gama an hana azaba da wuta, an kuma hana mai da mai rai abin wasan jifa.

Na uku, neman magani. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hanzarta kai shi asibiti. Karen da aka ajiye don tsaron garke ko gona ko farauta, wanda Shari'a ta yarda da shi, a riƙa kai shi wurin likitan dabbobi ana yi masa allurar rigakafin haukan kare kowace shekara. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan, don in alamun ciwon suka bayyana da wuya ƙwarai a tashi. Wannan duka bai saɓa wa tawakkali ba. Ai balaraben da ya tambayi Annabi game da taguwarsa, umurtarsa aka yi ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya tsare mu daga sharrin abin da Ya halitta, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.