Kuɗin Cefane: Abin Da Za Ka Yi Da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Da kai nake, maigida. Ke ma uwargida matso kusa, tukunyar taku ce ku biyu.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, kuɗin mota ya hau kan kowane kwanon hatsi da ke shigowa gari. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda, kuma a watan Yulin shekarar aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Duk wannan ba ka da iko a kansa. Abin da ke hannunka shi ne hanyar da kuɗi ke bi su fita daga aljihunka. Na ga gidaje masu samu da yawa da ba sa kai ashirin ga wata sai an koma wa mai shago da 'yar murya. Na ga kuma masu ƙaramin ƙarfi da ba su taɓa kwana ba a ɗora tukunya ba. Watan da zai lalace, tun a makon farko yake lalacewa. Saboda haka ka saurara.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka cire kuɗin abinci ranar da albashi ya shigo, kafin ka amsa wayar kowa. Kuɗin da ya kwana a aljihu, duk mai buƙatar da ya riga zuwa shi zai tafi da shi. In kai ɗan kasuwa ne ko mai sana'ar hannu, ka cire na abinci kowace yamma kafin ka tashi daga wurin aiki.

2. Ka san abin da gidanka ke ci. Ka sayi littafi, a yi wata guda ana rubuta komai: kwano nawa na masara, nawa na shinkafa, nawa na wake, kwalba nawa ta man gyaɗa da manja. A sa kuɗin niƙa, a sa gawayi ko gas, a sa ruwan 'yan garuwa, a sa gishiri da ashana. Yawancin magidanta kuɗin buhu suka sani, ba su san kuɗin da ke mayar da buhun tuwo ba, kuma nan ne lissafinsu ke karyewa.

3. Ka raba kuɗin kashi uku. Na farko kaya masu nauyi da ake saya sau ɗaya: hatsi, mai, sukari, daddawa. Na biyu cefanen kullum, a ƙirga shi a raba mako huɗu, na wannan mako ba ya taɓa na mako mai zuwa. Na uku ɗan abin da za a ajiye saboda baƙo. Gidan Bahaushe ba ya rabuwa da baƙo da almajiri da maƙwabcin da za a miƙa wa kwano, kuma wanda bai sa su a lissafi ba, ko dai ya ci bashi ko ya ɓata fuska ga wanda Allah ya kawo masa.

4. Ka faɗa wa matarka gaskiyar adadin da ke akwai. Wannan ya fi duk sauran muhimmanci, shi ne kuma wanda maza suka fi gudu. Kana ɓoye samunka don kada a raina ka, ita kuma tana girki a kan zato. In ta zaci da yawa sai ta saki hannu. In ta zaci kana da shi kana hanawa, sai ta fara ƙara kuɗin kayan miya a baki tana ajiye rarar. Daga nan kowa ya koma yana tsaron ɗan'uwansa, abinci ya ƙare, zargi ya shigo. Ku zauna a farkon wata, ka ce mata ga abin da ke akwai, ga abin da zai kai mu ƙarshe. Ita ta san tukunya fiye da kai, ka ji shawararta. In matanka biyu ne ko fiye, kowace ta ji adadi ɗaya, kowace ta karɓi cefane daidai a ranar girkinta. Bambancin naira ɗari a nan yana iya jawo rigimar shekara.

5. Ka sayi hatsi da kaka. Daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon amfani ya cika kasuwa, gero da dawa da masara da wake sun fi sauƙi. A tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa kuma sabo bai iso ba, a nan suke tsada. In ba ka da kuɗin buhu, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya ku raba. Mutumin Kano ya san Dawanau don hatsi, Singa don kayan masarufi, 'Yankaba don kayan gwari, kuma kowane gari yana da kasuwar ƙauyen da ke ci mako-mako. Amma ka lissafa kuɗin mota da na ɗan dako kafin ka tashi. Arahar da kuɗin mota ya cinye ba araha ba ce.

6. Ka adana abin da ka saya yadda ya kamata. A tabbata hatsi ya bushe sarai. A ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa, kada ya jingina da bango. Wake a sa shi a jarka mai murfi a cika ta a toshe, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ba ya rayuwa inda iska ba ta shiga. Buhun da ka saya da araha ka bar wa ƙwari da ɓera ya fi na tsada tsada.

7. Uwargida, ki busar da kayan miya lokacin da suke a banza. Da rani, in tumaturin Kadawa da Kura ya cika gari, ki yanka ki shanya a wuri mai tsabta, ki yi kauɗa. Haka tattasai da attaruhu da kuɓewa. Da damina za ki gode wa kanki. Wanda ya ga 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatur a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, ya san miya tana iya gagarar gida a dare ɗaya. Kuka da karkashi da busasshen zogale kada su yanke a ɗakin girkinki.

8. A auna kafin a zuba. Gwangwani ɗaya a ajiye, a san guda nawa ke ƙosar da gidan, mai ma a auna shi da ludayi. Hannu ba ya ƙirge, kullum ƙari yake yi.

9. A girmama ɗumame. Tuwon jiya da aka ɗumama ya yi zafi har ciki ya fi shayi da burodi riƙe ciki, kuma an riga an biya kuɗinsa.

10. Ka shiga kasuwa da takarda a hannu da kuɗi a ƙirge. Abin da ba ya cikin takarda, ba da kai ake ba. Ka tambayi mutum uku kafin ka saya, ka taya ba kunya, ka kalli mudun da ake auna maka, ka juya shi ka ga gindinsa. Masu tauye mudu da masu algus suna nan, kuma mai sauri suke jira.

11. Ka sauya abinci in abinci ya fi ƙarfinka. Shinkafa ba farilla ba ce. Tuwon dawa, dambu, ɗanwake, fate, burabusko, da su aka raini iyayenka. In nama ya gagara, ga wake, ga awara, ga busasshen kifi, ga ƙuliƙuli.

12. Ka fara tanadin azumi tun Rajab. Gero na kunu, sukari, wake na ƙosai, mai. Wanda ya jira ganin wata ya shiga kasuwa tare da kowa, ya saya yadda aka ga dama.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka buɗe littafin bashi a shagon unguwa. Mai karɓar bashi ba ya tayawa, ba ya duba awo, ba ya iya zuwa wani shago. Yaro ya je ya karɓo, mata ta aika a karɓo, kai ma ka biya ka karɓa, ba wanda ke riƙe da jimla sai mai shago. Ranar da albashi ya zo rabinsa na abincin da aka riga aka ci ne, sai ka sake buɗe sabon shafi. Na san magidantan da suka shekara suna cin watan gobe a yau, har suka koma sauya hanya in za su masallaci. In ka riga ka shiga, ka je ka zauna da mai shagon, a tsayar da adadi, a rufe littafin, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan kana sayen na yau da kuɗi hannu.

2. Kada ka ci bashin manhajar waya don cefane. Kuɗin ruwa ne, ga haramci ga tsada, kuma wasunsu in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika wa surukanka da abokan aikinka saƙon tozarci. Abincin ya ƙare a kwana uku, kunyar ta zauna.

3. Kada ka zuba maganin ƙwari a abincin da za a ci. Irin su Sniper guba ne, an yi su don gona, kuma wanki ba ya ba ka tabbacin sun fita. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan guba a jikinsa. Abin da wasu suka ƙi bari ya tsallaka iyakarsu, kada ka zuba wa 'ya'yanka a kwano. Ƙwayar nan da ake jefawa a buhu tana fitar da iska mai kisa, kada ta kwana a ɗakin da mutane ke barci. In ka je sayen wake ka ji yana warin magani, ka ajiye ka wuce.

4. Kada araha ta ja ka ga hatsi mai funfuna ko ruɓaɓɓen tumatur. Masara da gyaɗar da suka sha danshi suna ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Abin da ka rage a kasuwa za ka ninka shi a asibiti.

5. Kada ka raina ƙananan kuɗi. Lemon kwalba, biskit, taliyar yara, ladan mai POS saboda cire kuɗi sau biyar maimakon sau ɗaya. Naira 500 kullum, a wata naira 15,000 ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi. Ba ka ji fitarsu ba, shi ya sa suka fi haɗari.

6. Kada ka cika cikinka a waje ka zo kana yi wa iyali wa'azin tattali. Shayi da ƙwai da safe, tsire da daddare a majalisa, kai kaɗai. Kuɗin tsinken da ka ci a tsaye zai sa wa miyar gida duka ɗanɗano. Matarka tana jin ƙamshin yaji a rigarka, kuma daga ranar maganarka ta rage nauyi.

7. Kada a taɓa kuɗin abinci don anko, ko gudummawar biki, ko zubin adashe. Uwargida, da ke nake musamman. Wanda ya gayyace ki ba zai zo ya ciyar da yaranki ranar ashirin da biyar ga wata ba. Ki ba da abin da kike iyawa daga wani wuri, ko ki je da fatan alheri.

8. Kada a sayar da abincin ajiya. Manomi, kada ka kwashe rumbu da kaka don hidima, ka dawo a watan Agusta kana sayen irin hatsinka da tsada. Ka fitar da zakka, ka ware na ci har sabuwar kaka, sannan ka sayar da abin da ya ragu. Ke kuma, ɗiban kwano biyu a ɓoye a kai wa mai awo cin amana ne, kuma ranar da buhu ya ƙare kafin lokacinsa kowa zai sani.

9. Kada ka tara nama da kifi a firji kana dogaro da wutar lantarki. Kwana biyu ba wuta, kuɗinka ya koma wari. Ka sayi na kwana biyu, ko a soya, ko a busar.

10. Kada ka aiki ƙaramin yaro da babban kuɗi. Canji zai faɗi, awo zai ragu, a ba shi wanda babba ya ƙi.

11. Kada ka kwashi kaya a firgice don an ce gobe za su tashi. Sai ka sayi buhu biyu na abu ɗaya, ka rasa kuɗin niƙa da na miya.

12. Kada ka auna tukunyarka da ta maƙwabci. Kana jin ƙamshin suyarsa, ba ka ganin bashin da ke kansa.

13. Kada tsimi ya faɗa kan ƙananan yara da mai ciki da mai shayarwa. In za a rage, a fara da kai, a fara da lemo da kayan ƙwalam da yawan nama na manya. Yaron da bai kai shekara biyar ba, cikinsa ƙarami ne, yana buƙatar ci sau da yawa, kuma koko tsura ba abinci ba ne. A sa masa gyaɗa ko waken suya a kunu, a ba shi wake da ganye da ɗan manja, ƙwai in ya samu. Jariri kuwa nonon uwa zalla har wata shida, ya fi madarar gwangwani lafiya kuma ba a sayensa, sai dai a ciyar da uwar da kyau. Cibiyoyin kula da masu tamowa da ƙungiyar likitoci ta MSF ke gudanarwa a Katsina da Kano da Sakkwato suna cika da yara duk damina, lokacin da hatsi ya yi tsada. In ka ga yaro yana ramewa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa sun kumbura, kada ka jira ƙarshen wata. Ka kai shi asibiti a ranar.