Darasi: Yadda Za Ka Ƙara Taurarin Shagonka

A da, baƙo yakan tambayi mutanen tasha inda zai sami tela ko mai gyaran babur. Yanzu da yawa waya suke dubawa. A Google Maps, wanda ya yi ciniki da kai yana iya ba ka tauraro 1 zuwa 5, ya kuma rubuta ra'ayinsa. Shagon da taurarinsa suka yi ƙasa, baƙo wuce shi yake yi.

Ga lissafin. Mutum 4 sun ba ka 5, 5, 4 da 2. Jimla 16. Raba gida 4, ka sami 4. In wasu mutum 4 suka ba ka biyar-biyar, jimla ta zama 36. Raba gida 8, ka sami 4 da rabi.

Abin da za ka yi:

1. Sa sunan shagonka da lokacin buɗewa a Google. Kyauta ne.
2. Cika mudu, cika alkawari. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.
3. Roƙi duk wanda ya saya ya rubuta gaskiyar abin da ya gani.
4. Mai ƙorafi, ka amsa masa da ladabi, ka gyara.
5. Kada ka sayi taurari da kuɗi ko kyauta. Google ya hana, yakan kuma goge su.

Aiki: Mutum 3 sun ba ka 5, 4 da 3. Taurarinka nawa ke nan?