Cassa da Gwame a Ƙafar Yaro: Wanne Ne Abin Damuwa?

Uwargida, idan Allah ya sauke ki lafiya kika ga ƙafafun jaririnki sun ɗan yi baka, kada hankalinki ya tashi. Kwanciyar ciki ce ta sa haka. Wannan cassa takan miƙe da kanta kafin shekara 2. Daga nan sai gwiwoyi su riƙa haɗuwa, wato gwame, wanda ya fi fitowa a shekara 3 zuwa 4, ya kuma daidaita wajen shekara 7. Gashi da ruwan zafi ko ɗaure ƙafa ba su ne ke miƙar da ita ba.

Amma ki kai shi asibiti idan lanƙwasar a ƙafa ɗaya take, ko tana ƙaruwa bayan shekara 2, ko yaron na ɗingishi, ko wuyan hannunsa ya kumbura, ko ya makara wajen tafiya. Sau da yawa wannan laushin ƙashi ne, wanda likitoci ke kira rikets.

A ƙasashen sanyi rashin rana ne ke jawo shi. Mu kuwa rana ba ta yi mana kaɗan ba. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yaranmu sinadarin kalsiyam suka fi rasawa, domin bayan yaye kunun gero da tuwo kawai ake ɗura musu. Wani binciken na 2015 ya nuna garin busasshen kifi, da ƙayarsa, yana warkar da ciwon.

Ke da kike Malam Madori, kifin Kogin Hadejia na kusa da ke. Ki daka ƙananan busassun lukui ki zuba a miyar yaro. Ki haɗa masa da kindirmo, miyar kuka, zogale da riɗi. Abin takaici, wasu gidajen sukan kai riɗin da nonon kasuwa, yaran gida ba su ɗanɗana ba.

Ke ma ki ci waɗannan tun kina da juna biyu, domin daga jikinki ƙashinsa ke ginuwa. Maigida, ko ana kulle, a bar ta ta sha hantsi a tsakar gida, saboda bitamin D.

Idan an gano ciwon da wuri, maganin wata 6 yakan warkar da ƙashin, ƙafar ta miƙe a hankali. Ku fara da Babban Asibitin Hadejia. Wanda ya makara kuwa, sai an tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wataƙila har da tiyata.