Babi na 9: Lambun Tukunya da Buhu a Tsakar Gida

Daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina kayan miya kan yi tsada. Tumatirin rani ya ƙare, na damina bai iso kasuwa ba. Gidaje da yawa a birni kuma ba su da filin shuka, tsakar gidan duk siminti ne. Wannan ba zai hana ku cin ganyen da kuka shuka da hannunku ba. Tsohon bokitin fenti, buhun shinkafa, tukunyar ƙasa da ta tsage, jarkar da aka yanke, kowanne yana iya ɗaukar shuka. Samun mazubi ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce sanin abin da za a shuka, da sanin shukokin da za su iya zama tare.

Ku fara duba lokaci. Daga Maris zuwa Mayu, zafi a Kano, Sakkwato, Maiduguri da Damagaram yakan kai digiri 40, har ya wuce. Latas, kabeji da karas ba sa son wannan zafin, lokacinsu hunturu ne. Tumatir ma yakan ba da wahala. In zafi ya tsananta, furensa kakkaɓewa yake yi kafin ya zama 'ya'ya. In ruwa ya zauna, cuta takan kama ganyensa. Mai fara koyo ya jira ƙarshen damina kafin ya taɓa shi. Masu jure zafi su ne kuɓewa, alayyafo, yakuwa, rama, lalo, wake, yalo, barkono da dankalin Hausa. Da su za ku fara.

Sai ku duba rana. Ku lura da tsakar gidanku yini guda, daga hantsi zuwa la'asar. Ina ne rana ta fi daɗewa? Shuka mai yin 'ya'ya, irin kuɓewa da yalo da barkono, tana son ranar awa 6 ko fiye. Na'a-na'a da citta kuwa sun fi son gindin bango ko bakin rumfa, inda ranar safe kawai ke samunsu.

Haɗa shuka ba sabon abu ba ne a wurinmu. Manomi yakan shuka wake a tsakanin gero ko dawa. Gero ya yi sama, wake ya yaɗu a ƙasa ya rufe ta, saiwarsa kuma ta ƙara wa ƙasar ƙarfi. Wannan dabarar za ku kawo cikin buhu. A sa doguwar shuka guda ɗaya a tsakiya, a kewaye ta da gajeru, in da sauran wuri a sa mai yaɗo a baki ta zubo waje.

Ga haɗin da na fi so ku fara da shi. Ku cika bokiti mai lita 20 da ƙasa. Ku shuka ƙwayar kuɓewa 3 a tsakiya. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, don haka ku gauraya shi da ɗan yashi, ku barbaɗa a kewaye. Idan kuɓewar ta tsiro ta yi ƙwari, ku bar guda ɗaya mai ƙarfi, ku cire sauran. Cire shuka mai rai yana da ciwo, amma kuɓewa uku a bokiti ɗaya duk ramewa za su yi, ba wadda za ta yi 'ya'yan kirki. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako 3 zuwa 4. Kafin kuɓewa ta buɗe manyan ganyenta ta yi inuwa, kun riga kun ci alayyafon. Wajen wata 2 kuɓewar za ta fara 'ya'ya. Ku riƙa tsinka duk bayan kwana 2 ko 3, domin in ta ƙosa a jikin uwa, uwar takan rage haihuwa. Wannan haɗin ya yi kyau ne saboda saiwar kuɓewa tana nutsawa ƙasa, ta ƙaramin alayyafo kuma tana nan sama-sama, kuma ba lokaci ɗaya suke neman wuri ba.

Barkono ko attaruhu yana zama lafiya da albasa mai lawashi a kewayensa, don ganyen albasa siriri ne, ba ya tare rana. Ɗoɗɗoya ma takan zauna da shi, amma ku riƙa tsinke kanta kada ta rufe shi. Idan kuna da babban buhu ko rabin ganga, yalo a tsakiya da wake a baki haɗi ne mai kyau.

Akwai kuma waɗanda ba a haɗawa. Na'a-na'a saiwarta yawo take yi a ƙarƙashin ƙasa, cikin 'yan makonni ta mamaye tukunya. Ku ba ta tukunyarta ita kaɗai. Dankalin Hausa ma ya fi son buhunsa, ko da yake ganyensa kaɗai ya isa a yi miya. Kabewa ta fi ƙarfin bokiti. Zogale bishiya ce, sai rabin ganga, kuma a riƙa yanke kansa don ya yi rassa. Kada ku haɗa manya biyu masu son rana, kamar kuɓewa da yakuwa, a ƙaramin mazubi ɗaya.

Ku san dangin shuka. Tumatir, attaruhu, tattasai, yalo da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ma kusan ɗaya ce. Kuɓewa, yakuwa da rama su ma 'yan uwa ne. Idan kuka tuge shuka kuka ga saiwarta ta yi ƙulle-ƙulle, kuma shukar ta yi ta yaushi, wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani ta shiga. Kada ku sake shuka a wannan ƙasar, ku canza ta. Amma ƙananan ƙwayoyin da ke jikin saiwar wake ba cuta ba ne, su ne masu ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Duk haɗin nan ba zai yi ba sai mazubin yana da huji a gindi. Ku huda wuri 5 ko 6, ku ɗora shi a kan bulo ko duwatsu don ruwa ya fita. A damina, saiwar da ta kwana cikin ruwa ruɓewa take yi. Ku gauraya ƙasa kwano 2, ruɓaɓɓen taki kwano 1, yashi kwano 1. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya daɗe ya ruɓe. Mazubin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki bai dace ba ko kusa, abinci ne za a shuka.

A bazara ku ba da ruwa da sassafe, ku ƙara da yamma in ƙasar ta bushe. Ku sa yatsa ku ji: in da danshi, ku bari. Tukunyar ƙasa tana riƙe sanyi amma tana saurin bushewa. Baƙar roba tana ɗaukar zafi, sai ku naɗe ta da tsohon buhu. Ruwan alwala da na wanke shinkafa suna da amfani, na wanki mai sabulu kuwa a'a. Ku zubar da duk ruwan da ya taru a ƙarƙashin tukunya saboda sauro. In da kaji ko awaki a gidan, ku kewaye wurin da kara ko tsohon gidan sauro tun ranar da kuka shuka.