Darasi na 18: Tsohon makulli, sabon kwado

Malam Abdu shi ne daraktan wata makaranta kusa da Barmu, arewa maso gabas da Tawa. Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, ya shiga motar ƴan kasuwa ya zo birni. Ba cefane ya kawo shi ba. Cikin jakarsa akwai kwamfutar hannu. Cikin kwamfutar akwai sunayen yara 23 da ba su da takardar haihuwa. An ce ya aika da sunayen ta intanet kafin safiyar Litinin. Yaron da ba shi da wannan takarda yakan sha wuya in lokacin jarrabawa ya zo. A ƙauyen kuwa, ba a samun rezo sai an hau tudu.

Ya sauka gidan ƙanwarsa a unguwar Bilbis. A gidan akwai ɗan akwatin wifi. Wifi wata hanya ce ta haɗa kwamfuta da intanet ba tare da igiya ba. Tun 1999 ake kiran ta da wannan suna. Kowane akwati yana da sunansa, yana da kalmarsa ta sirri.

Bayan magariba Malam Abdu ya buɗe kwamfuta. Ya ga sunan wifin gidan, ya danna. Kwamfuta ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sannan ta rubuta: « Impossible de se connecter à ce réseau ». Ya sake dannawa. Haka dai. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Akwatin yana da batir nasa, amma na kwamfutar ya kusa ƙarewa.

Ya ce: « Abin mamaki! Watan jiya na yi aiki da ita a ɗakin nan, ba ta tambaye ni kome ba. »

Hadiza, ɗiyar ƙanwarsa, tana aji shida. Ta matso ta ce: « Kawu, ai Inna ta sake kalmar sirri. Yaran maƙwabta ne suke shanye mana kuɗin intanet. »

Ga abin da ya faru. Ran da aka fara ba kwamfuta kalmar sirri, sai ta adana ta tare da sunan wifin. Duk ran da ta sake ganin wannan suna, sai ta miƙa kalmar da kanta. Shi ya sa ba ta tambaya. To, an sake kalma, amma ba a sake suna ba. Kwamfuta tana ganin ƙofar da ta sani, tana ta cusa tsohon makulli cikin sabon kwado. Ba lalacewa ta yi ba. Abin da aka ba ta ajiya ne ta riƙe, ta riƙe shi fiye da kima.

Hadiza ta ce: « Sai an sa ta manta, Kawu. Haka Yaya ya nuna mini. »

Ta shiga Paramètres, ta zaɓi Réseau et Internet, sannan Wi-Fi, sannan Gérer les réseaux connus. Sunaye suka fito reras: duk wuraren da kwamfutar ta taɓa shiga intanet. Ta nemo sunan gidansu, ta danna Oublier, wato « manta ». Da suka koma, sai kwamfuta ta nemi kalmar sirri kamar baƙuwa.

Inna ta faɗi sabuwar kalma a hankali: Tabalak25. Malam Abdu ya rubuta. Kwamfuta ta ƙi. Ya sake rubutawa da yatsa ɗaya, baƙi bayan baƙi. Ta sake ƙi. Gumi ya karyo masa.

« Ɗiyata, ko dai uwarki ta manta? »

« A'a, Kawu. Mu duba abin da ka rubuta. »

Kwamfuta takan ɓoye kalmar sirri, ta nuna ɗigo-ɗigo kawai. Amma a gefe akwai hoton ɗan ido. Hadiza ta danna shi. Ga abin da suka gani: Tqbqlqk@%.

Inna ta fashe da dariya. Ta ce: « Yaya, wane gari ne wannan? »

Laifin ba na Malam Abdu ba ne. Jerin baƙaƙen kwamfuta iri-iri ne. Na Faransanci, wanda aka fi sani a Nijar, yana farawa da AZERTY. Na Ingilishi, irin na Najeriya, yana farawa da QWERTY. Kwamfuta ɗaya tana iya aiki da duka biyu. In hannu ya taɓa Alt da Maj tare, sai ta juya daga wannan zuwa wancan, ba ta ce kome ba. Daga nan A ya zama Q, Z ya zama W, lambobi su rikice. Can ƙasa, kusa da agogo, Hadiza ta ga an rubuta ENG. Ta mayar da shi FRA.

Malam Abdu ya sake rubutawa: T babba, sauran ƙanana, don kwamfuta ba ta ɗaukar T da t abu ɗaya. Sai ga kalmar « Connecté ». Ya aika da sunayen yara 23. Bai gama naɗe tabarma ba, kwamfuta ta mutu.

Kafin ya kwanta ya ce wa ƙanwarsa: « Tabalak kowa ya san ta, har kifinta ya ci. Yaran nan ba za su kwana uku ba su gane ba. Ki nemi kalma mai tsawo. Akwatin ba ya karɓar ƙasa da alama 8, amma yana karɓar har 63. Kada dai ki sa ƙ ko ɗ ko ɓ, don ba kowace kwamfuta ke da su kusa ba. »

Hadiza ta ce: « To, Kawu, in ka dawo watan gobe, sai ka sake sa ta manta. »

Tambayoyi

1. Me ya kawo Malam Abdu Tawa?
2. Don me kwamfuta ta ƙi shiga intanet da farko?
3. Me Hadiza ta gani da ta danna hoton ido?
4. Mene ne ma'anar « oublier » da « réseau » da Hausa?

Aiki

Ka rubuta kalmar sirri mai alama 10, da baƙi babba, da ƙanana, da lambobi. Kada ka nuna wa na kusa da kai.