Darasin Masu Koyon Gyaran Makulli: A San Kwaɗo, A San Mai Shi

Wannan darasi na matasan da suka fara koyon gyaran makulli ne a nan sansani. Muna so iyaye ma su karanta, domin su san abin da ya kamata mai gyara ya yi idan sun kira shi. Yawancinmu katin abinci da takardar rajista da takardun haihuwar yara duk a adaka ɗaya muke ajiye su. Idan makulli ya ɓace ana gobe rabo, hankalin gida ya tashi. In kuma aka fasa kwaɗo da garaje, kuɗin sabo ya hau kan mai gida. Saboda haka kafin a ɗaga guduma, a fara duba makulli da raminsa. Iri biyar muka fi gani.

Na ɗaya, kwaɗo mai araha, wanda makullinsa siriri ne da yanka iri ɗaya a gefe biyu. Sau da yawa makullin wani irinsa yakan buɗe shi. Mu shawarci mai shi kada ya rufe takardu da shi.

Na biyu, wanda haƙoran makullinsa ke gefe ɗaya. A cikinsa akwai 'yan ƙananan ƙarafa, galibi 4 ko 5, kowanne da sifirin a bayansa. Ƙurar hunturu ce ke sa su cije. Kada a zuba man gyaɗa ko baƙin mai, don mai tara ƙura yake yi. A goga bakin fensir a haƙoran makullin, a riƙa sa shi ana zarewa har ya saki.

Na uku, wanda makullinsa kamar sandar ƙarfe ce da aka tsaga biyu a tsaye. Cikinsa faya-faye ne, kuma ya fi jure ƙura. Sai makullin ya shige har ƙarshe kafin a murɗa. In aka tilasta masa, yana iya karyewa a ciki.

Na huɗu, kubar ƙofa, irin ta shago ko ɗakin ajiya. Wata makullinta dogo ne, wata kuma gajere. Mai gajeren makulli ba sai an canza ta duka ba: idan ƙofa a buɗe take kuma akwai makulli ɗaya a hannu, a kwance sukurun da ke gefen ƙofa, a ɗan murɗa makullin, a zaro gidan makulli kaɗai a sa sabo.

Na biyar, kwaɗo mai lamba. Mai layi 3 lambobi 1,000 gare shi, ana iya binsu ɗaya bayan ɗaya a zama guda. Mai layi 4 kuwa 10,000 ne.

A duba jikin kwaɗon kuma. Lambar 40 ko 50 galibi faɗinsa ne a milimita, da ita za a nemo daidai shi a kasuwa. Idan an rubuta HARDENED a lanƙwasasshen ƙarfen sama, zarto ba ya cinsa. Gara a kwance ƙarfen da aka rataya kwaɗon a jiki.

Sanin kwaɗo rabin aiki ne, sauran rabin sanin mai shi. Ba ma buɗe ɗaki ko adaka sai mai shi yana tsaye, shugaban unguwa ko maƙwabta biyu sun shaida. A tambaye shi abin da ke ciki tun kafin a buɗe. A rubuta suna, lambar gida da kwanan wata a littafi. Idan miji da mata ko 'yan'uwa na jayayya a kan akwati, ko wani yana neman katin da ba sunansa ba, mai gyara ya tattara kayansa, a kai maganar ofishin kariya.

Abu ɗaya ne ba ya jiran shaida: rai. Idan yaro ko marar lafiya ya maƙale a ciki, ko an ga hayaƙi, a ɓalle wurin da ya fi rauni nan take, a yi bayani daga baya. Iyayenmu, don Allah kada a kulle yara ta waje a tafi layin ruwa.

Aikin wannan mako: kowane mai koyo ya nemo tsofaffin makullai biyar, ya faɗi irin kwaɗon kowanne da ido kawai.